Geron Malama Ummu

Duk wanda ya zauna a Agege a shekarun nan da soja suka koma bariki, in dai yana bin hanyar da ta ratsa bayan layin dogo, ya san Malama Ummukulsum ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai saurin tafiya, wadda kullum akwai wani abu a hannunta da bai yi kama da kayan malanta ba. Yau kwalabe, gobe gwangwanayen madara, jibi ka gan ta tana gangara tsohuwar tayar mota. Masu shayi sun sha yin gardama a kanta, wasu su ce malama ce, wasu su ce 'yar gwangwan ce ta yi lulluɓi. Ita kuwa ba ta da lokacin tsayawa ta raba musu, gaisuwa ma a tafe take amsa ta.

Sunan ya yi wa yaran Ikko tsawo, sai suka datse shi ya koma Malama Ummu. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Kazaure, ubanta manomi ne irin wanda in ka ce ka gan shi yana awon hatsi a kasuwa zai ɗauka zaginsa ka yi. A gonarsa ta koyi tafiya, a can ta koyi jefa iri a rami tana rufewa da diddige tun ba ta san baƙi da wasali ba. Ta yi makarantar horon malamai, ta ɗan koyar a gida, sannan aure ya ɗauko ta ya dire a Agege. Mijinta Hashimu fata yake saye a mayankar Oko-Oba, ya sa mata gishiri ya tura arewa. Mutum ne mai sanyin hali da son tsokana, kuma ya daɗe da gane cewa in matarsa ta sa abu a ranta, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya tambaye ta me za a ɗauko kuma ina za a kai.

Makarantar da take koyarwa 'yan goro ne suka haɗu suka gina ta, ajujuwa shida na bulo a bayan masallaci, don 'ya'yansu su sami boko ba tare da sun yi nisa da addini ba. A can malami kan ɗauki aji ya yi ta tafiya da su har su fita, saboda haka 'yan aji huɗun shekarar dubu biyu nata ne tun suna zuwa da majina a hanci. Akwai hedimasta, Malam Ɗahiru, mutumin kirki mai gudun rigima. Amma kowa ya san wuƙa da nama suna hannun shugaban kwamitin iyaye, Alhaji Sanda, babban dillalin goro, wanda rumfarsa ke jingine da katangar makarantar ta gaba.

Alhaji Sanda ya zo Agege a jirgin ƙasa ko gemu bai fito masa ba, yanzu ga shi fari fat. In ya je gida kwana biyu ne a cikin gari, ya yi gaisuwa ya juyo, don goro ba ya jure a bar shi. Bai taɓa zaman benci ba, amma yana da ma'aunin da yake auna makaranta da shi, wato kunnensa. A wurinsa karatu abu ne da ake jiyowa daga waje, yadda ya tashi ya gani a makarantar allo. Yana zaune yana tsintar goro zai ji 'yan aji uku suna rera biyu sau biyu huɗu har kwanon rufi yana amsawa, sai ya gyaɗa kai ya ce malamin nan halaliyarsa yake ci. Ajin Malama Ummu kuwa ya daɗe yana ɗaure masa kai. Wani lokaci tsit kamar an yi rasuwa, wani lokaci gardama kamar tashar motocin haya na danfo, amma rerawar nan mai daɗi da murya ɗaya sai jefi-jefi. Ga shi kuma jikarsa Rahma, wadda yake kira uwargida, a ajin take.

Abin da ya jawo maganar gero bai taka kara ya karya ba. Darasin amfanin gona ake yi, ta rubuta gero da dawa da masara a allo, yara suka maimaita yadda ya kamata. Sai ta ce to kowa ya zana mata gero yadda yake a gona. Rabin ajin buhu suka zana. Idi, ɗan wani mai okada, wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya zana ƙatuwar bishiya irin ta mangwaro da mudu-mudu suna lilo a rassanta. Rahma ta zana curin fura a jere cikin ƙasa, ta ce ai haƙo shi ake yi kamar doya. Balkissa, 'yar Boubacar mai gadi, wadda aka zo da ita daga Maraɗi tana goye, ta miƙo takardarta fara sol, ta ce ita ba ta son yin ƙarya.

“Malama, shebi a tirela yake zuwa, ko ba haka ba?” in ji Idi da ya ga tana kallon bishiyarsa. “To mu ina za mu gan shi?”

Abin ya ba ta dariya, sannan ya ba ta tausayi, daga baya ya ba ta haushi, kuma haushin ne ya daɗe. Yaran nan duk safiya koko suke sha, da rana a dama musu fura, sun iya rera sunan gero da Hausa da Turanci, amma ba su san ko sama yake yi ko ƙasa ba. Ta tambayi kanta, sauran abubuwan da suke rerawa fa, nawa ne a ciki suke bishiyar mudu a kawunansu?

A bayan ajinta akwai wani siririn fili tsakanin bango da kwata, wanda ba ya tsinana komai sai tara leda da fasassun kwalabe. Ta nemi izinin Malam Ɗahiru, ya ce ta yi, amma kada a ce shi ya ce. Ta aika wa ubanta saƙo ta bakin wani direban motar shanu, ba a daɗe ba sai ga ƙullin iri a tsumma, tare da umurnin da ta riga ta sani tun tana yarinya: da an yi ruwan farko mai kyau wanda ya jiƙa ƙasa, a shuka. Hashimu ya kawo taki daga mayanka a buhun siminti, ya dire, ya naɗa mata sarautar Sarkin Noman Agege, ya ce sai a sa ranar wankan sarauta.

Aka dawo hutun zango na biyu ruwa ya riga ya sauka, suka shuka. Daga ranar ajin ya canja. Yaran da sai an biyo su da bulala suke zuwa, yanzu mai gadi yana buɗe ƙofa yake tarar da su a tsaye suna jiran su ga ko ya tsiro. Ita kuwa ba ta bar komai ya tafi a banza ba. Tazarar ramuka ta zama darasin awo, yawan ramuka a kowace kunya ya zama na sau, tsawon kara kuwa da zare suke auna shi duk mako su zana a bango, su yi gardamar wane mako ya fi sauri kuma me ya sa. Insha'in Turanci ma a kansa ake yi. Idi, wanda a da layi biyu ke gagararsa, ya cika shafi guda a kan wata tsutsa da ya kama tana cin ganye, har da hukuncin da ya yanke mata.

Alhaji Sanda bai ji daɗi ba ko kaɗan. Uwargida ta fara dawowa gida da taɓo har gwiwa, kuma in ya tambaye ta me aka karanta yau sai ta ce noman firi suka yi. Ya sa aka kira masa Malama Ummu rumfa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a daƙile, ya ce shi fartanya ya gudo wa ya shigo jirgi, bai kawo zuri'arsa Ikko don a sake damƙa musu ita ba. Ta yi masa bayani da ladabi, ya saurara da ladabi, kowa ya tashi da ra'ayinsa yadda ya zo da shi.

Geron kuwa sai ya yi kamar ya san ana maganarsa. Ya yi kore shar, ya miƙe har ya wuce katanga, fasinjojin jirgi ma suna hango shi. A nan fa, gaskiya, kan Malama Ummu ya ɗan kumbura. Ta ce wa Hashimu ko a gonar babanta ba ta taɓa ganin gero mai ƙarfi irin wannan ba, har ta fara tunanin wa da wa za a kai wa tumu.

Sai ruwan Ikko na gaske ya iso, irin wanda yake wuni ya kwana ya sake wuni. A cikinsa geron ya fid da kai. A gida a daidai wannan gaɓar rana ce take karɓarsa ta busar da shi, a nan kuwa babu rana sai laima. Zangarniya ta jiƙe ba ta bushe ba, ta yi funfuna, ta yi baƙi, in ka matsa ta sai wani ruwa mai wari ya fito. Kwata ta cika ta tumbatsa cikin gonar, karan da ake alfahari da tsawonsa ya kwanta cikin taɓo. Ko ƙwaya ɗaya ba a samu ba.

Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ita 'yar manomi, ta tsaya gaban yara da iyayensu ta yi cika baki, ga abin da ya fito. Yadda ta san abin ya yi muni shi ne Hashimu ya daina kiranta Sarkin Noma.

Tun da aka koma mulkin farar hula ƙuri'a ta shiga kan mutanen unguwa, ko ladan za a canja sai an ce a ɗaga hannu. Saboda haka Alhaji Sanda bai sallame ta da bakinsa ba, taron kwamiti ya kira. Ya ce an ɓata wa yara zango guda a wasan taɓo, a karɓe ajin a ba wanda zai koyar da su karatun da kunne zai shaida. Malam Ɗahiru ya yi ta maza ya ce jarrabawar yaran ba ta yi muni ba, hasali ma lissafinsu ya fi na bara, sannan ya koma ya zauna kamar ya tsorata da muryarsa. Da aka ga ba a da wani malami a hannu, sai aka tsaya a kan ta ci gaba da su zuwa hutun Disamba, a lokacin a ɗaga hannu, ko ta zauna ko ta tafi. Kafin nan kuma a bar maganar gona, a riƙa jin karatu daga ajin.

Ba albashin ne ya tsaya mata a rai ba, don bai kai ya tsaya wa kowa a rai ba. Yaran ne. Ita ta koya musu riƙon fensir, ta san wanda yake zuwa bai karya ba, ta san wadda ba ta gani sosai daga baya. Tunanin wani ya karɓe su saura shekara biyu su fita ya hana ta sakat.

A makon ƙarshe na zango ta shiga aji da niyyar ta ce musu maganar gona ta ƙare. Da ta buɗe baki sai wata magana ta fito daban.

“Na yi duk yadda babana yake yi, ban rage komai ba, kuma ya mutu,” ta ce. “Ban san dalili ba. Wanda ya gano mana a hutun nan, ya zo ya koya mini.”

Yaran suka yi tsuru-tsuru suna kallonta, don ba su taɓa jin babba ya ce bai sani ba, balle malami. Daga nan kowa ya ɗauki abin da zafi, suka watse cikin unguwa suna damun mutane. An ce a hutun nan babu tsohon da ya sha shayi cikin kwanciyar hankali daga bakin kasuwa har tashar jirgi.

Da aka dawo a watan Satumba, yanzu suna aji biyar, kowa ya juye abin da ya samo. A cikin tsofaffin, Basakkwace ya ce ruwa ne ya yi yawa, Bakatsine ya ce ƙasar ce ba ta gero ba, wani ya ce bakin mutane ne. Balkissa ta ce babanta ya ce gero ɗan yashi ne, ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Amma a kan lokacin shuka duk bakinsu ɗaya, ruwan farko, haka aka gada. Da alama magana ta ƙare ke nan, gero ba na Ikko ba ne.

Sai Rahma ta ɗaga hannu. Ita ba ta tambayi tsoho ko ɗaya ba, cikinta ta tambaya. Ta ce Iya mai masara, Bayarabiyar nan da take gashi a ƙofar makaranta, sau biyu take kawo sabuwar masara a shekara. Ta farko lokacin da ake zuwa makaranta da lema, ta biyu kuwa gab da hutun Disamba, lokacin da an daina ɗaukar lema.

“To abi, ko ta biyun ma shuka ta aka yi?” ta ce. “In an shuka ta yanzu, ai cikin rana za ta nuna ke nan.”

Idi ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba ya ce wallahi haka ne, ruwan Ikko biyu ne, yana tsayawa a watan Agusta su sami damar buga ƙwallo, sannan ya dawo kaɗan-kaɗan ya tafi gaba ɗaya. Ajin ya kaure, kowa yana kawo shaida.

Malama Ummu ta zauna a bakin tebur. Shekara da shekaru tana garin nan tana shanya kaya tana kwashewa, amma damina ɗaya take ƙirgawa, irin ta gida. Tsayawar ruwan Agusta ma fashi take kiranta, kamar yadda ake cewa a Kazaure in ruwa ya yi wa manoma rowa. Ita da tsofaffin unguwa duk jikinsu ne a Ikko, sararin samaniyar da ke kansu na arewa ne. Yaran da aka haifa a nan su ne suke kallon na nan. Da aka tashi tara ta bi su wurin Iya, suka yi mata tafinta da Yarabancinsu mai santsi. Iya ta yi dariya ta ce ai a ƙauyensu ko yaro ya san ana shuka ta biyu, ta ƙara wa Rahma masara guda kyauta.

Saura rabin ƙullin irin babanta a cikin kwalla. Ta san in ta sake shuka ta saɓa wa kwamiti ƙiri-ƙiri, in kuma ya sake mutuwa ko ɗaga hannu ba sai an yi ba. Amma ta kasa gano bakin da za ta ce wa yaran da suka gano abu da kansu su koma su zauna su rera. Ta gaya wa Hashimu, ya ce in sun kore ta ga fata nan, gishiri ba ya buƙatar takardar shaida. Washegari ya kawo taki.

Wannan karon ba ita ta tsara gonar ba. Balkissa ta sa aka roƙo yashi daga inda ake wani gini, aka gauraya da ƙasa. Idi ya ce a jera tsofaffin tayoyi a cika su, don ko kwata ta yi ambaliya ba za ta kai ga saiwa ba, wannan ne ya sa aka yi ta ganin malama tana gangara taya a titi. Suka raba gonar gida biyu, rabi a taya rabi a kunya, don a ga wanda zai fi. Maganar karatun da kunne zai shaida kuwa, ta ce su haɗa waƙarsu da kansu, su zuba jadawalin sau da matakan noma a ciki. Suka haɗa wata aba mai Hausa da Turanci da ɗan Yarabanci a amshi, suna rerawa suna cire ciyawa. Alhaji Sanda yana jiyo su daga rumfa ya yi kwanaki yana gyaɗa kai, yana cewa matar nan ta ji magana, har sai da uwargida ta sake dawowa da taɓo a siket. Ya ajiye abin a ransa zuwa ranar ƙuri'a.

Geron na biyu bai yi tsawon na farko ba, kuma ba wanda ya yi cika baki. Akuyar wani maƙwabci ta shigo ta cinye kunya guda, Idi ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa. Ruwa ya yi ta raguwa har ya ɗauke, rana ta buɗe, a cikinta geron ya fid da kai, ya yi bunni, ya fara ido. Sai tsuntsaye suka gano shi, Allah kaɗai ya san wa ya gaya wa tsuntsayen Ikko daɗin gero. Idi ya warware tsofaffin kaset-kaset na babansa ya zagaye gonar da zarensu, iska na kaɗawa yana ƙyalli yana ƙara, tsuntsaye suka koma kan katanga suna kallo. Babansa dai bai yaba da wannan fasaha ba.

Azumi ya kama a ƙarshen Nuwamba, kuma ranar taron ta faɗo a cikinsa, bayan la'asar. Malama Ummu ta zo da wuri. Yara ba a gayyace su ba, amma duk suna nan, wai sun zo korar tsuntsaye. Da 'yan kwamiti suka hallara Alhaji Sanda ya ce kafin a ɗaga hannu a zagaya baya, kowa ya ga da idonsa yadda aka yi watsi da maganar manya. Ya shige gaba yana dogara sanda, babbar riga na jan ƙasa.

Yana shan kwanar bango ya tsaya. Ga gero nan tsaye a cikin tayoyi, ganye ya fara bushewa yana ƙaraurau a iska, zangarniya ta cika ta yi nauyi. Wanda ke kunya bai kai na taya kyau ba, amma shi ma ya yi. Mutanen da ke bayansa suka yi ta leƙe ta kafaɗarsa, shi kuwa bai matsa ba.

“Uwargida,” ya ce can, ba tare da ya juyo ba, “yaya aka yi wannan bai ruɓe ba?”

Rahma ta yi masa bayani tiryan-tiryan, damina biyu, da yashi, da taya, da dalilin raba gonar. Ya tambaye ta a wane littafi aka rubuta haka, ta ce babu. Ya ce to malama ce ta gaya musu.

“A'a, tsoho,” ta ce. “Malama cewa ta yi ba ta sani ba. Mu muka gano.”

Ya dubi Malama Ummu, ita kuwa ta sunkuyar da kai, don ba ta san ko wannan shaida ce a gare ta ko a kanta ba. Ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya kamo wata zangarniya ya karya. Ya murza ta a tafin hannu da wani irin juyi na babban yatsa da ba wanda ya taɓa ganin ya yi, ya hure ƙaiƙayin, ya watsa ƙwayar a baki, ya lumshe ido yana tauna.

“Tsoho, azumi!” in ji Rahma.

Ya buɗe ido a firgice, amma ina, ya riga ya haɗiye. Nan take kwamiti ya rabu biyu, wasu suna cewa mantuwa ce, Allah ne ya ciyar da shi, wasu suna cewa duk da haka sai ya rama. Har an fara jawo sunayen littattafai. Yara suka toshe baki suna dariya ƙasa-ƙasa. Malama Ummu ce kaɗai ta lura idon tsohon ya ciko, kuma ita ma nata ya ciko, don ta san ɗanɗanon da ke bakinsa, ta san gonar da ya tafi.

“Ku bar gardamar nan,” ya ce. “Ba azumin na manta ba, inda nake na manta. Rabona da wannan tun ina tsaron tsuntsu a gonar babana.” Ya goge ido da hannun riga. “Zan rama bayan Salla, kuma ban yi asara ba.”

Malam Ɗahiru, wanda Allah ya ba shi basira a ranar, bai bari an koma cikin aji ba. A nan tsaye ya ce wanda yake son Malama ta ci gaba da ajinta ya ɗaga hannu. Hannun Alhaji Sanda ne ya fara tashi, da zangarniyar a ciki, don bai tuna ya ajiye ta ba. Sauran suka bi. Ya juyo ya ce mata 'yata, abin da bai taɓa kiranta da shi ba, ya ce a dai riƙa ɗan rerawa ko don kunnensa, ta ce in sha Allahu, Baba.

Abin da aka girbe bai cika kwano biyu ba. Aka ware na iri, sauran aka yi kunu da shi ranar da za a ba da hutu, kowane yaro ya tafi da ɗan kaɗan gida don buɗa baki. Zangarniya biyu ce ba a sussuka ba. Ɗaya ta bi motar shanu zuwa Kazaure, da saƙon cewa a Ikko ba a shuka da ruwan farko. Ɗayar kuwa tana rataye a rumfar Alhaji Sanda a saman huhunan goro, kuma duk baƙon da ya tambaya sai ya ajiye ciniki ya ba shi labarin damina biyu daga farko, yana cewa jikarsa ce ta koya masa.